Baba na jin magana amma ba ya gane ta, ɗana kuma kunnensa na zubar da ruwa

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Tudun Wada, nan Kaduna. Mahaifina ya kusa shekara 70, kuma ya yi fiye da shekara 20 yana aiki a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. Yanzu sai a yi masa magana ya ce "me kika ce?" har sau uku, in an ɗaga murya kuma ransa ya ɓaci, ya ce ana yi masa tsawa. Yayyena sun ce yana ji sarai, abin da ya ga dama ne kawai yake amsawa, tunda yana jin kiran salla da bugun ƙofa. Ya daina zama majalisa. Yayana ya sayo masa na'urar ƙara ji a kasuwa, bai daɗe ba ya cire ta, ya ce hayaniya take cika masa kai. Ga kuma ɗana mai shekara 6, kunnensa na dama ya fi wata 4 yana zubar da ruwa mai wari, ya tsaya ya dawo. Malaminsu na Islamiyya ya ce ba ya mai da hankali, har ya taɓa dukansa. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga musu man zaitun da ruwan albasa su biyun. Anti, gado ne wannan? Wane magani zan saya musu?

Wata uwa daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya ba yaron lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika tsaya kika lura, ba ki bi abin da kowa ke faɗa a gidan ba.

Kada ki sayi magani tukuna, albasar nan kuma a bar ta ga miya. Bisa abin da kika rubuta, Baba da jikansa kowanne da irin nasa ciwon, ko a cikin kunnen ma ba wuri ɗaya matsalar take ba. Abin da zai taimaki ɗaya ba zai yi wa ɗayan komai ba, wani ma ɓata abin da ya rage zai yi. Likita ne zai leƙa ya auna ya yanke hukunci, amma zan gaya miki inda alamomin suka dosa, don ki shiga asibiti kin san abin da za ki tambaya.

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, wato fatar da muke gani da ramin da ya shige har ya tsaya a dodon kunne. Bayan dodon akwai ɗan fili mai iska, da wasu ƙasusuwa guda 3 waɗanda babu kamarsu ƙanƙanta a duk jikin ɗan Adam. Sauti ya bugi dodon, dodon ya girgiza su, su kuma su miƙa girgizar ciki. Can ciki, a binne cikin ƙashin kai, akwai wani abu a nannaɗe mai siffar katantanwa, cike da ruwa, ɗauke da wasu ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mai da girgiza ta zama saƙo, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Idan wani abu ya tare hanya a kashi na farko ko na biyu, to sautin ne bai isa ciki da ƙarfinsa ba, alhali cikin lafiyarsa lau. Wannan shi ne nau'i na farko na raunin ji, kuma yawancinsa na da magani: dauɗa ta toshe rami, yaro ya cusa ƙwayar wake, ruwa ya taru a bayan dodo, ko dodon ya huje. Idan kuwa ƙwayoyin can ciki ne ko jijiyar suka lalace, nau'i na biyu ke nan, kuma a jikin mutum in waɗannan ƙwayoyi suka mutu ba sa sake fitowa. Akwai kuma wanda ya haɗa biyun.

Bari in fara da yaron, domin nasa ne ba ya jira.

Akwai wani siririn bututu da ya haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci, shi ne ke shigar da iska yana fitar da ruwa. A jikin yara gajere ne kuma a kwance yake, shi ya sa mura kaɗan, ko ƙurar hunturu, ko hayaƙin itace da na taba, sai ya kumbura ya toshe, ƙwayoyin cuta su haura daga hanci. Mugunya ta taru a bayan dodo, yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne, jiki da zafi. Sai wata safiya a ga ruwa a kan matashi, kukan ya tsaya, iyaye su ce alhamdu lillahi ya fashe, an huta. Abin da ya fashe ɗin dodon kunne ne. Sau da yawa hujin kan haɗe da kansa cikin 'yan makonni. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar duk kunnen da ya wuce mako 2 yana zuba a matsayin ciwon da ya zauna, na ɗanki kuwa wata 4 ne, ga wari. Kusan tabbas akwai huji a buɗe, kuma duk abin da aka ɗiga kai tsaye zai wuce ta hujin ya sauka a kan ƙasusuwan nan. Maƙwabciyarki alheri take nufi, na sani, haka muka taso muka ga ana yi. Amma man zaitun da ruwan albasa da ruwan ganye danshi da datti suke ƙara wa wurin da ake neman ya bushe. Ko maganin ɗigawa na kemis ma ba kowanne ba ne ya dace da kunne mai huji. Wasu na ɗauke da gentamicin ko neomycin, waɗanda in suka ratsa zuwa can ciki suna iya kashe ƙwayoyin ji, a tashi daga ciwon da ke warkewa a koma wanda ba ya warkewa.

Kafin ki samu ganin likita, ki riƙa murza tsabtatacciyar takardar tishu ta zama kamar lagwani, ki sa bakinta a ramin a hankali ta tsotse ruwan, ki canza wata har sai ta fito a bushe. Banda tsinken ashana, banda gashin kaza, banda tsinken audugar nan na shago. In za a yi masa wanka, a shafa wa 'yar auduga man basilin a toshe bakin kunnen, a cire da zarar an gama. Ki hana shi wanka a rafi ko kududdufi. Idan kuma kika ga bayan kunnen ya kumbura ya yi ja, ko zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, ko wuyansa ya sanƙare, ko jiri da amai, ko gefen fuskarsa ya karkace, to ko da tsakar dare ne ki ɗauke shi sai asibiti. Tsakanin tsakiyar kunne da ƙwaƙwalwa ɗan siririn ƙashi ne kawai, kuma ciwon kan ƙetara.

Ki kwantar da hankalinki, mafi yawan irin wannan yana jin magani. A asibiti za su tsotse kunnen su tsabtace shi, su ba da maganin ɗigawa wanda ya dace, wani lokaci su ɗebi ruwan a gwada a ga wace ƙwayar cuta ce. In ya bushe a auna jinsa. Idan hujin ya ƙi haɗewa, akwai aikin da ake yi a liƙe shi, kuma ji kan gyaru sosai. Abin da ke kai yara ga asarar ji mai ɗorewa shi ne a yi shekaru ana cewa ai zai daina in ya girma.

Maganar dukan nan ta tsaya mini a rai. Yaro ɗan shekara 6 a Islamiyya da kunne yake karatu. Malam ya biya, shi ya maimaita, kuma ana so ya raba sin da sad, ya raba ha da kha, a cikin ajin da yara da yawa ke ɗaga murya lokaci ɗaya. Wanda kunnensa ɗaya ke cike da mugunya ta yaya zai yi? Ki je ke da mahaifinsa ku samu malamin cikin girmamawa, ku gaya masa yaron na da ciwon kunne kuma ana nema masa magani. Ku roƙa a dawo da shi sahun gaba, a zaunar da shi ta yadda kunnensa na hagu zai fuskanci malam. Ku faɗa masa ƙarara cewa kada a mare shi, domin mari kaɗai yana fasa dodon kunne mai lafiya, balle wanda ya riga ya huje. Haka za ku yi a makarantar boko.

Yanzu Baba. Tun da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, dubban magidanta suka ci abinci a masaƙun Kaduna, kuma da yawansu sun fito da irin abin da Baba ya fito da shi. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka shimfiɗa ita ce kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙara mai desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, in aka kai 100 minti 15 kacal. Ɗakin saƙa mai tsofaffin injuna kan kai 95 zuwa 100. Ki lissafa awa 8 a kullum, shekara 20. Ki tambayi Baba ko a lokacin in ya tashi aiki kunnensa kan yi ta kuka, ya ji duniya ta yi nisa, zuwa safiya ya washe. Wannan washewar ita ke yaudarar ma'aikaci, domin kowace rana wasu ƙwayoyin sun tafi ke nan, sai dai da yake suna da yawa ba a gane giɓin sai bayan shekaru. A kan wannan kuma tsufa ya zo ya ɗora nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji da ya kai ya takura musu rayuwa.

Ƙara da tsufa duka biyun siririn sauti suke fara ci, su bar mai kauri. Wasulan magana, a da o da u, masu kauri ne kuma masu ƙarfi, saboda haka Baba yana jin su. Baƙaƙe irin su s da sh da f da ts sirara ne marasa ƙarfi, kuma su ne ke raba wannan kalma da waccan. In kika ce kifi, yana iya jin kishi, ko ya ji "i-i" kawai ya yi ta laluben sauran. Shi ya sa muryar mata da ta yara ta fi ba shi wahala a kan ta maza. Bugun ƙofa sauti ne mai kauri. Kiran salla da lasifika ake yi, ga shi ya san kowace kalma tun yana yaro, ba ya bukatar ya tsinci baƙaƙenta. Hujjar da yayyenki suka kafa a kansa, ita ce ma alamar ciwon.

Ki tuna rediyon da tasha ba ta kama daidai ba. In kika ƙara murya, shuu ɗin ne zai ƙaru, labaran ba za su fito ba. Haka tsawa take ga Baba, har ma da ƙari, domin kunnen da ƙwayoyinsa suka lalace tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "ya yi mini ƙara" ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Magana a hankali ta wuce shi, in an ɗan ɗaga kuma ta soke shi har ya ji zafi. Idan ya ce ana yi masa tsawa, gaskiyar abin da yake ji yake faɗa.

Ki zauna da yayyenki ki karanta musu wannan. Ba na zarginsu da mugunta, rashin sani ne, amma ina so su duba abin ta wajen dattijon. Mutumin da ya ba da jinsa a bakin injin don ya ciyar da su, yau yana zaune a cikin gidansa ana yi masa kallon mai taurin kai. Barin majalisar da ya yi shi ya fi damuna. A majalisa mutum huɗu na magana lokaci ɗaya, babura na wucewa, janareta na ruri, nan ne irin kunnensa ya fi kasawa. Ya gaji da dariyar da bai san dalilinta ba, ya gaji da amsa abin da ba a tambaye shi ba a yi masa murmushi. Dattijo mai mutunci gara ya koma ɗaki. Kaɗaicin nan kan jawo damuwa mai tsanani, kuma masana sun sa raunin jin da aka bari ba kulawa cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ruɗewar tsufa. Saboda haka kada kowa ya ce ai tsufa ne a ƙyale shi.

Na'urar da yayanki ya sayo, Baba bai yi laifi ba da ya cire ta. Irin waɗannan na kasuwa komai suke ƙara wa ƙarfi baki ɗaya: ƙarar fanka, kwanukan kicin, hon ɗin Keke, har da sautukan da dama yana jin su lafiya. Na'urar gaske sai an auna kunne tukuna. Za a sa shi a ɗaki marar hayaniya, a ɗora masa abin sauraro, a riƙa sako sauti iri-iri daga mai kauri zuwa siriri, yana ba da alama duk lokacin da ya ji. Babu allura, babu zafi. Daga nan a fitar da takardar da ke nuna daidai inda jinsa ya faɗi a kowane kunne, a saita na'urar ta ƙara wa wuraren nan kawai, ta kuma danne ƙarar da ta yi yawa. Ko ita ma ba ta mai da kunne sabo, kuma makonnin farko sai an yi haƙuri, domin ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru ba ta ji motsin takarda da kukan tsuntsu ba sai ta sake sabawa. A fara da awa kaɗan a cikin gida, a riƙa ƙarawa, a koma a sake saiti in akwai abin da ya dame shi. Tana da tsada, ba zan ɓoye miki ba, amma ku da yawa ne, ku haɗa hannu.

Kafin a kai ga na'ura ma, likita zai leƙa ramin. Tsofaffi dauɗar kunnensu kan bushe ta taurare, kuma mai yawan sakace kunne tura ta ciki yake yi. In aka tarar da ita a kan lalacewar can ciki, nau'i na ukun nan ke nan da ya haɗa biyu, kuma cire ta kaɗai kan sa mutum ya ji sauƙi a ranar.

Likitan zai yi tambayoyi, gara ki shirya amsarsu tun daga gida. Zai so ya san ko Baba na da hawan jini ko ciwon suga, domin suna taɓa ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da cikin kunne. Zai tambayi magungunan da ya taɓa sha ko aka yi masa allurarsu: streptomycin da kanamycin da aka daɗe ana yi wa masu tarin fuka, gentamicin, da kwinin na zazzaɓin cizon sauro, duk an san suna iya taɓa ji. Magunguna ne masu ceton rai idan likita ya auna ya bayar, kada wani ya karanta wannan ya ajiye abin da aka rubuta masa. Abin tsoro shi ne allurar da ake yi a kemis ba awo ba lissafi, musamman ga jarirai da masu ciwon ƙoda. Zai kuma tambayi cututtukan baya. Sanƙarau na kan gaba a nan Arewa. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da suka tashi ba ji. Ƙyanda da hangum da zazzaɓin Lassa su ma suna kurumtar da mutum, haka ciwon shawara mai tsanani ga jariri sabon haihuwa. Ki duba katin rigakafin yaranki, ki tabbata an yi musu ta ƙyanda a wata 9 da wata 15, da ta sanƙarau.

Game da gado, e, akwai kurumtar da ake gada. Yawanci tana bayyana tun haihuwa ko cikin ƙuruciya, ta kan kama kunne biyu, kuma ta fi yawa a dangin da auren zumunci ya yi yawa a cikinsu. Abin da kika bayyana bai yi kama da ita ba: kaka ya yi shekaru cikin ƙarar injin ga tsufa, jika kuma na da ciwo a kunne ɗaya. Duk da haka, in akwai wani a danginku ko dangin mijinki da aka haifa kurma ko ya kurumce yana matashi, ki faɗa wa likita.

Akwai wani abu da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe, ko da bai shafi gidanku ba yanzu. Wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ba ciwo ba ruwa, ya je asibiti a ranar. Irin wannan ana iya ceto shi da magani a kwanakin farko, bayan mako 2 damar ta ragu ƙwarai, kuma mutane da yawa a gida suke cinye kwanakin suna cewa dauɗa ce ko iska. Kuma in a cikin 'yan'uwanki akwai mai walda ko ƙira a Panteka, ko mai injin niƙa, ko mai kwana kusa da janareta, ko matashin da iyafis ba ya barin kunnensa, ki nuna masa Baba. Robar toshe kunne ba ta da tsada.

Kun yi sa'a da kuke Kaduna. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1999, a cikin garin nan take, daga wasu jihohi ake yin tattaki ana zuwa. Akwai kuma likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki kai yaron cikin makon nan. Baba kuma kada a ce masa "za mu kai ka a duba kurumtarka", kalmar za ta yi masa nauyi. Ki same shi ku biyu, ki ce masa kin fahimci aikin masaƙa ne ya taɓa masa kunne, kamar yadda ya taɓa abokan aikinsa da yawa, kuma kina so a auna a ga abin da za a iya yi.

Tun daga yau kuma a canza yadda ake masa magana a gidan. A daina jefo masa zance daga wani ɗaki ko ta bayansa. A zo gabansa, a kira shi ya ɗago, a tsaya inda haske ke kan fuskar mai magana, domin yana karanta leɓe ko bai sani ba. A rage rediyo ko talabijin, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a hankali, da murya daidai. In bai gane ba a sake faɗa da wasu kalmomin, maimakon a maimaita waɗanda suka ɓace masa da ƙarfi. Kalmar "bar shi kawai, ba komai" a daina ta, ta fi tsawa ciwo. Ki roƙi ɗaya ko biyu daga abokansa na majalisa su riƙa shigowa zaure bayan la'asar su yi hira da shi, nesa da hayaniyar titi.

Ranar zuwa asibiti ki tafi da katin rigakafin yaron, da duk kwalaben maganin da aka taɓa ɗiga masa, da magungunan da Baba ke sha yanzu, da na'urar kasuwar nan. A samu ɗaya daga cikin yayyenki maza ya raka ku, ya tsaya lokacin da za a yi bayanin takardar awon. In kun dawo ki rubuto mini abin da aka ce.